Daga Keffi zuwa Ƙofar 'Yandaka: Yadda Ake Nemo wa Yaƙi Dalili

Ba kasafai mai ƙarfi yake fitowa fili ya ce ƙasar wani yake so ba. Yakan gama yanke shawara, sannan ya nemi laifin da zai rataya a wuyan abokin gaba. Japan ta dasa wa layin dogonta bam a Mukden a 1931 ta ce Sinawa ne, Jamus kuma ta shirya harin bogi a gidan rediyon Gleiwitz a 1939 kafin ta afka wa Poland. Ƙasar Hausa ta ga irin nata tun kafin nan.

A watan Oktoba na 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Baturen Ingila Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Kisan ya faru, ba ƙage ba ne, amma Lugga, jagoran Turawan Ingila a Arewa, ya mai da shi tsanin hawa na kai yaƙi Kano. Ya kuma haɗa da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa, mai cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Masana irin su Muffett sun yi shakkar yadda aka fassara ta da yadda aka yi amfani da ita. Ballantana ma Abdurrahman ya rasu tun kafin sojojin Ingila su tashi daga Zariya.

Me ya sa sai da aka nemi hujja? Na farko, gwamnatin Landan ba ta son kashe kuɗi a sabon yaƙi bayan wanda ta sha da Turawan Buwa a Afirka ta Kudu, dole a nuna mata an tsokane ta. Na biyu, Faransa ta riga ta kama Damagaram tun 1899, ga aikin shata iyaka na tafe, kuma Ingila ba ta son a tarar da ita tana iƙirarin ƙasar da ba ta taka ba. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli.

Katsina ta zaɓi lallami. Sarki Abubakar ya tarbi Lugga ba tare da an harba bindiga ba, Turawa suka shiga ta Ƙofar 'Yandaka. Birnin ya tsira daga igwa, amma bai tsira daga wannan dabara ba. Ba a jima ba aka ce an tsinci mushen kare a rijiyar da Turawa ke sha, aka ɗora wa Sarki, aka tuɓe shi, aka kai shi Ilori. Yero da ya gaje shi ma bai daɗe ba: a 1906, Razdan Palmer ya sauke shi bisa zargin rashin biyayya, ya ɗora Durɓi Muhammadu Dikko. Da haka sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa.

Illar ke nan mafi tsawon rai. Hujjar da ta yi aiki a fagen daga takan koma kayan aikin mulki, domin mai tuhuma shi ne alƙali, shi ne kuma mai rubuta rahoton da za a ajiye. Saboda haka duk sanda hukuma ta ce an tsokane ta, abin tambaya shi ne: yaushe ta fara shirin, kafin laifin ko bayansa?