ƘWAYAR DADDAWA A TAFKIN JATAN LANDE

A ƙasar Tailan mutanen bakin teku suna haƙa tafkuna su yi kiwon jatan lande, su sayar Amurka da Japan da Turai. A 2012 wani ciwo ya faɗa wa wannan kiwo, bayan ya ɓulla a Sin tun 2009. Akan zuba 'ya'yan jatan landen, kafin wata guda su cika sai su daina ci, su mace. A 2013 abin da ƙasar ta samu ya ragu da wajen rabi. A shekarar ne kuma masana na Jami'ar Arizona suka gano mai laifin, watau wata ƙwayar cuta da ake kira Vibrio, mai lalata musu hanta.

Wannan ƙwaya ƙazanta take so. Ragowar abinci da kashi sukan kwanta a ƙasan tafki su ruɓe, su fid da guba, jatan lande su raunana, ita kuwa ta yi ta yaɗuwa. Magungunan kashe ƙwayoyi ba su raba gardama ba, gama ƙwayar takan saba da su, masu saye kuma ba su karɓar kayan da aka sami burbushin magani a jikinsu.

To, cikin dabarun da manoma suka riƙa har da zuba ƙwayoyi masu amfani. Babba cikinsu ita ce Bacillus subtilis, wadda ita ce ke nunar da kalwa ta zama daddawa. Manomi yakan zuba ta a ganga da ruwa da maɗin rake, ya bar ta ta hayayyafa, sa'an nan ya watsa a tafki, ya riƙa maimaitawa. Sai ta cinye ƙazantar, ta tsare wa mugunyar ƙwaya abinci da wurin zama.

Amma fa ba ta aiki ita kaɗai. Tana bukatar iska, saboda haka injunan kaɗa ruwa ba su tsayawa. Har wa yau sukan haƙa rami a tsakiyar tafki su zuƙe dattin da ya taru, su auna abinci kada ya yi yawa, su sayi iri mai lafiya. Wanda ya jira sai ciwo ya kama kafin ya zuba, ya makara, gama wannan ƙwaya rigakafi ce, ba magani ba.