Ƙaramin tanderun lantarki: a lissafa wuta kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Yamai, ko ta Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ya ratsa ta wajen masu sayar da kayan wuta, zai ga wani ɗan akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi an jera shi kusa da firigo da fanka. Ƴan kasuwa suna ce masa “fur” da bakin Faransanci. Mu kuwa bari mu kira shi da sunan da kakanninmu sunka sani, wato tanderu. Sai dai wannan ƙarami ne, bisa tebur ake ajiye shi, kuma lantarki yake ci maimakon itace.

Wannan akwati ya soma shiga gidajen ma'aikata da kayan ɗakin amare. Wasu sun saya sun ji daɗinsa. Wasu kuwa sun saya, ya zama abin ado a bisa kabad, ko ya narkar musu da wayar gida, ko ya kumbura musu takardar kuɗin wuta. Ba sa'a ce ta raba su ba. Na farko sun yi lissafi kafin su saya, na biyu sai da sunka saya sannan sunka yi. Wannan lissafin ne za mu yi tare a yau.

Yadda yake aiki

A cikin akwatin akwai sanduna, wasu a sama, wasu a ƙasa. Kowace sanda tana ɗauke da siririyar waya wadda anka yi da gamin ƙarfe biyu, nikel da kurom. Wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ne ya sami takardar mallakar wannan gami a shekarar 1906. Idan lantarki ya ratsa wayar sai ta yi ja zur ba tare da ta narke ba, zafinta ya cika akwatin ya gasa abinci.

A gaban tanderun yawanci akwai maɓallai uku da ake murɗawa. Na farko na zafi ne, daga wajen digiri 100 zuwa 230 ko 250. Na biyu shi ke zaɓar sandunan da za su kama: na sama, ko na ƙasa, ko duka. Na uku agogo ne, wanda ke buga ƙararrawa ya kashe wuta idan mintocin da anka sa sun cika. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe a ɓoye mai tsaron zafi: idan zafi ya kai inda ake so sai ya katse wuta, idan ya sauka ya maido ta. Saboda haka in an ga sanduna suna ja suna dushewa, ba lalacewa ba ce, aikinsu ke nan.

Tambaya ta farko: wace wuta yake ci?

Kafin a dubi launi ko kyaun ƙofa, a juya tanderun a karanta ɗan allon da ke liƙe a bayansa ko a ƙarƙashinsa. Lambobi biyu ne ke da muhimmanci.

Ta farko ita ce mai harafin V, wato bolt. Wutar gidaje a Nijar bolt 220 ce. Tanderun da anka rubuta masa 220 zuwa 240 ya dace da mu. Amma wanda anka ƙera domin Amurka, 110 ko 120 ne a jikinsa, kuma irinsa yakan ɓullo cikin kayan da sunka riga sunka yi aiki a waje, ko cikin tsarabar ɗan uwa. Idan anka soka shi ga wutarmu, zafin da wayarsa za ta fitar ya ninka wanda anka yi ta dominsa fiye da sau uku, nan take ta ƙone. Araha ba ta ado. Wanda ya zo ta Najeriya kuwa wutarsa daidai take da tamu, sai dai kan wayarsa mai haƙora uku ne masu faɗi, irin na Ingila, alhali ramukan bangonmu na masu haƙora zagayayyu ne. Gara mai gyaran wuta ya canza kan baki ɗaya, da a riƙa cusa shi da ƙarfi.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin W, wato wat, ma'aunin cin wuta. Ƙananan tanderu suna cin wat 800 zuwa 1000, matsakaita 1300 zuwa 1600, manya har 2000. Domin mu gane nauyin wannan, ƙwan fitila na zamani wat 10 yake ci, fankar rufi kuwa wajen wat 75. Ke nan tanderu mai wat 1500 daidai yake da fanka 20 suna juyawa lokaci guda.

Sai mai gida ya dubi takardarsa ta NIGELEC ya ga ƙarfin da ya yi rajista da shi. A ce kilowat 3 ne, wato wat 3000. Tanderu kaɗai ya ɗauke rabi. Idan uwar gida ta kunna shi, yarinya tana guga, firigo na aiki, to makatsin wutar da ke jikin konter zai faɗi, gida ya yi duhu. Magani shi ne a raba aiki: in ana gashi, a dakatar da guga.

Masu faranti mai kama hasken rana su ma su yi hattara. Batir mai bolt 12 da amfa 100, ko ya cika maƙil, abin da ya tara bai wuce kilowat 1 da ɗan ɗori na awa guda ba. Tanderu mai wat 1500 zai tsotse shi kafin awa ta cika, in ma na'urar juya wutar ta iya ɗaukarsa. Haka nan ƙaramin injin wuta na fitila da telebijin ba zai ja shi ba.

Lissafin ƙarshen wata

Kamfanin wuta da kilowat na awa yake awo. Tanderu mai wat 1500, in ya yi minti 40 sandunansa na ci, ya sha kilowat 1. Da yake mai tsaron zafi yana katse wuta lokaci lokaci, abin da zai sha na gaskiya yakan gaza haka kaɗan, amma gara a yi lissafi da babba. Wanda ke gashi na minti 40 kowace rana, ya ƙara wa kansa wajen kilowat 30 a wata. Kowa ya ɗauki takardarsa ya ga nawa ake sayar masa da kilowat guda, ya ninka sau 30. A tuna kuma farashin hawa hawa ne: gidan da ya ƙetare wani mataki, kilowat ɗin da ya biyo baya ya fi tsada. Daga nan sai a gwada da kuɗin gawayi, ko na gaz, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011. Mai iyali kaɗan da ke gashi sau biyu ko uku a mako zai ga abin da sauƙi. Mai ciyar da mutum 15 kuwa lissafinsa dabam ne.

Abin dubawa a kasuwa

Girman tanderu da lita ake faɗinsa. Mai lita 9 ko 10 na ɗumama burodi ne da gasa ɗan yankan nama, ya ishi ɗalibi ko ma'aikacin da anka tura aiki nesa da iyalinsa. Mai lita 20 zuwa 30 yana ɗaukar kaza ko zabo guda, shi ya fi dacewa da gida mai mutum huɗu ko biyar. Mai lita 40 zuwa sama na mai yin gato ce domin sayarwa. Kada a sayi babba don burga, domin wuta za a biya a dumama sararin da babu komi. Dabara mai kyau ita ce uwar gida ta tafi kasuwa da farantin da take son gashi a ciki, ta gwada ko ƙofa za ta rufe.

A nemi mai sayarwa ya kunna shi a gaban ido. Cikin ƴan mintoci ya kamata sandunan sama da na ƙasa su yi zafi duka. A buɗe ƙofa a rufe, a ga ko tana zama daram, domin ƙofa mai gibi ɓarauniyar wuta ce. A duba ko akwai farantin ƙasa da ake zarowa a zubar da ɓurɓushi. A taɓa wayar, ta kasance mai kauri, ba ta da tsaga. A karɓi takardar saye, a tambayi ko akwai garanti da inda ake samun sanduna in sun mutu. Wasu tanderun suna da fanka a ciki mai watsa zafi ko'ina. Suna gashi da sauri kuma daidai, amma sai a rage zafi da wajen digiri 20 daga abin da anka saba. A ƙasa irin tamu, inda wuta ke hawa da sauka, mai maɓallan murɗawa ya fi mai allon lambobi jimiri da sauƙin gyara.

Idan lambobin zafi sun kai 400 ko 450, to ma'aunin Amurka ne: 350 nasu wajen 180 ne namu, 400 kuwa wajen 200. Wannan ma alama ce ta a koma a sake duba bolt.

Abin da ya iya da abin da bai iya ba

Tanderu busasshen zafi gare shi. Ba ya tuƙa tuwo, ba ya kaɗa miya, ba ya turara dambu, ba ya dafa wake. Wanda ya saye shi da niyyar ya rabu da murhu da tukunya ya yi kuskure. Mataimaki ne ga uwar gida, ba magajin murhu ba.

Amma a fannin gashi gwani ne, ba hayaƙi, ba toka, ba fifita. A fara kunna shi minti 5 zuwa 10 kafin a sa abinci. Kazar da anka shafa wa mai da yaji da tafarnuwa, anka shimfiɗa mata albasar Galmi, tana son wajen awa guda a digiri 190 zuwa 200. In an yanka ta gunduwa gunduwa, minti 35 zuwa 45 sun isa, wuta ta ragu. Alamar nuna ita ce a soki cinya ruwa ya fito fari ba jini. Mai ma'aunin zafin nama ya ga ya kai digiri 74 a tsakiya. Karfasa matsakaiciya tana nuna cikin minti 20 zuwa 25. Dankali da dankalin turawa, in an yayyanka, wajen minti 35. Gyaɗa tana soyuwa a digiri 170 cikin minti 15 zuwa 20, a riƙa motsa ta. Burodin jiya da ya bushe, a yayyafa masa ruwa, a ba shi minti 5, sai ya dawo kamar yanzu ya fito daga gidan burodi.

Da yake akwatin ƙarami ne, sanduna suna kusa da abinci, sama takan ƙone ciki bai nuna ba. A ajiye faranti a tsakiya, a leƙa ta gilashi maimakon yawan buɗe ƙofa. In kuma anka ga gashi yana jan lokaci da yamma, wataƙila wuta ce ta yi rauni: idan bolt ya sauka daga 220 zuwa 190, kashi ɗaya cikin huɗu na zafin ya tafi.

In wuta ta ɗauke

Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ke zuwa Yamai ta layin Birnin Kabi tun 1976, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba wannan, kowa ya san halin wuta a watannin bazara. Saboda haka gidan da ke da tanderu kada ya rabu da gawayi ko gaz. In wuta ta ɗauke kaza tana tsakiyar gashi, kada a bar ta a ciki ana jiran tsammani. A fitar da ita a ƙarasa ta bisa murhu nan da nan, domin naman da ya yi ɗumi bai nuna ba shi ne gonar ƙwayoyin cuta, kuma a zafi irin namu awa guda ta isa ya zama haɗari. Sannan a murɗa maɓalli a kashe, a zare waya. Tanderun da anka manta a kunne zai kama shi kaɗai in wuta ta dawo da tsakar dare.

Rigakafi ya fi magani

A soka tanderu kai tsaye ga ramin bango, shi kaɗai. Ƙaramar wayar ƙari mai ramuka da yawa ba ta ɗaukar wat 1500, takan yi zafi ta narke. In anka taɓa kan waya anka ji zafi, ko anka ji ƙauri, a kashe a kira mai gyara. A bar masa fili na aƙalla santimita 10 ta baya da gefe, nesa da labule, da tabarma, da butelin gaz. Kada a ɗora leda ko tsumma a kansa. Kada a sa kwanon roba ko takarda a ciki, sai na ƙarfe ko gilashin da anka yi domin wuta. Jikinsa da ƙofarsa suna ƙuna, don haka a ajiye shi bisa tebur mai tsawo inda hannun yaro ba ya kai. Bayan ya huce a zare waya a goge maiƙo, domin maiƙon da ya taru shi ne abincin gobara. In kuwa wuta ta kama a ciki, kada a buɗe ƙofa, kada a watsa ruwa. A katse wutar gida daga konter, a bar ta ta mutu don rashin iska. In ta fi ƙarfi, a fitar da yara a kira sojojin kashe gobara a lamba 18.

To, ƴan uwa, mu da munka koyi karatu da lissafi, ga wurin amfani da su. Mai niyyar saye ya tafi kasuwa da abu uku: takardar wutar gidansa, da farantin uwar gida, da idon karanta allon da ke bayan akwati. In lambobi sun dace, ya saya da kwanciyar rai. In ba su dace ba, ya riƙe kuɗinsa, babu kunya a ciki. Allah shi kiyaye mana gidajenmu, shi sa albarka ga abincinmu.