Tsohuwar Fijo da Sabuwar Wuta

Wanda ya saba bin titin Tudun Wada a Zariya da sassafe, daga wajen Ƙofar Doka zuwa Agoro, musamman idan an kwana ana ruwa, ba zai rasa ganin tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura a gefen hanya ba. An ɗaga bonet, direba ya sunkuya ciki, yaronsa na zaune a bayan sitiyari yana jiran a ce masa ya buga. Ya buga, kik ya yi ta gurnani, inji ya ƙi kamawa. Direban bai damu ba. Sai ya ɓalle murfin distirbuta, ya yagi gefen kwalin ashana, ya zura tsakanin wasu 'yan ƙarafa biyu masu kai kamar ƙwayar dawa, ya goga, ya hura, ya mayar da murfi. Sau da yawa iyakar gyaran ke nan, mota ta tashi.

Ƙarafan nan su ne kanikawa ke kira kwantak. Shekaru aru-aru su ne ran duk motar fetur, su ne kuma ciwon kanta. Yau akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai kwalin ashanar girma ba, wadda ake sawa a gurbinsu a huta da goge-goge. Ko ta cancanci kuɗinta? A ganina ta cancanta, amma ba don dalilin da masu sayar da ita ke faɗa ba.

Sai an fahimci aikin kwantak kafin a gane abin da ake sauyawa. Fetur da iska da suka gauraya a kafireto ba sa kamawa a cikin silinda sai fulogi ya yi tartsatsi, tartsatsin kuwa yana buƙatar ƙarfin lantarki na wajen bolt 15,000 zuwa 20,000. Batir bolt 12 kawai gare shi. Kwayil ne ke cike giɓin. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe guda: na farko mai kauri, zagaye 'yan ɗaruruwa, na biyu siriri kamar gashi, zagaye dubbai. Muddin wuta na bi ta naɗin farko, ƙarfen yana zama maganaɗisu. Da zarar an katse wutar farat ɗaya, maganaɗisun ya rushe, rushewar ce ke haifar da wannan ƙarfi mai yawa a naɗi na biyu. Daga nan rota ta kai shi ga fulogin da layi ya zo kansa, a tsarin 1-3-4-2.

To, wa ke katse wutar? Kwantak. Makunni ne kawai, irin na fitilar ɗaki, sai dai sandar distirbuta mai kusurwa huɗu ce ke tura shi ya buɗe, wani ɗan ƙarfe mai tsalle ya mayar da shi ya rufe. A inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti, makunnin nan yana buɗewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Tafiyar awa guda daga Zariya zuwa Kaduna, buɗewa 360,000 ke nan. Kowace buɗewa da ɗan tartsatsinta da ke cin bakin ƙarfen, duk da kwandansa da aka sa don ya rage shi. Ɗan dunduniyar da ke gogar sandar ma yana sidewa a hankali, ƙurar hunturu kuma tana taya shi. Ratar da aka saita a milimita 0.4 sai ta riƙa matsewa, wuta ta riƙa zuwa a makare. Mota ta yi nauyi a hawa, ta riƙa zafi, ta buɗe baki tana shan mai. Mai ita ba ya lura, domin lalacewar tana shigowa ne kamar tsufa, ba a rana ɗaya ba.

Wannan tsari tsoho ne ƙwarai. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a motocin Cadillac a 1910. Ya yi mulki fiye da shekara sittin kafin kamfanin Chrysler ya mayar da duk motocinsa kan wutar zamani a 1973, General Motors ya bi sahu jim kaɗan bayan haka.

Mu kuwa a nan kwantak ya daɗe, kuma Fijo ce sila. An fito da 504 a Faransa a 1968. A 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kilomita tamanin kacal daga Zariya. Ma'aikatan gwamnati da malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka sayi 504 da rancen mota, direbobin haya suka mayar da wagon ɗinta sarauniyar hanyar Kano da Kaduna da Funtuwa. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa abin da Bature ke kira motar tarihi, yana goge ta ranar Lahadi ya kai ta baje koli, a Tudun Wada jakar gida ce. Ita ke kwaso masara daga ƙauye, ita ke kai bulo wurin gini. Mai ita ba sha'awa ce ta sa shi gyara ba, abincin gidansa ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, motar da wutarta ke makara ɓarawo ce a cikin gida.

Sabuwar na'urar, wadda ake ce wa mojul, aikinta ɗaya da kwantak: ta ba kwayil wuta, ta katse. Bambancin shi ne babu abin da ke taɓa wani. A irin da ya fi yaɗuwa, ana zura wani zobe mai maganaɗisu huɗu a kan sandar distirbuta. Duk sa'ad da ɗaya ya gifta ta gaban wata 'yar na'urar ji, sai ta ji shi, ta umarci taransisto ya yanke wuta. Ilmin da ke ƙarƙashin wannan ya girmi motar kanta. Edwin Hall ne ya gano shi a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins. Akwai kuma masu aiki da haske, irin na Lumenition na Ingila, inda wani faifai ke tare hasken yana sakinsa. PerTronix na Amurka ya yi suna a na maganaɗisu, 123ignition na Holan kuwa distirbuta ɗungurungum yake sayarwa. 'Yan acaɓa sun riga masu Fijo sanin wannan ni'ima, don baburan yanzu da wutar zamani ta CDI suke zuwa, ba wanda ke goge musu kwantak.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mutumin Zariya ma ba sai ya yi odar komai daga waje ba. Wasu Fijo 505 masu kafireto sun zo da distirbuta marar kwantak tare da mojul ɗinta, injinsu kuwa dangin na 504 ne. Wanda ya yi haƙurin bincike a wurin masu kayan gyara na Sabon Gari, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, yana iya dacewa. Sai dai ya je da tsohuwar distirbutarsa a hannu a gwada, don Fijo ta yi amfani da ta kamfanoni fiye da ɗaya, irin su Ducellier da Paris-Rhône, kuma ba kowane kaya ke shiga kowace ba.

Ɗaurawar ba ta kai awa guda ba a hannun mai wayarin da ya san aikinsa. A cire kan batir, a fitar da kwantak da kwandansa, a ɗaure mojul a mazauninsu, a zura zobe, a mayar da rota. Jar waya ta tafi ɓangaren kwayil mai alamar tarawa, baƙa ta tafi mai alamar ɗebewa. A nan ne ake yin asara ta farko: wanda ya juya wayoyin nan biyu ya ƙona na'urar kafin ta yi aikin daƙiƙa ɗaya. Ta biyu ita ce kwayil. Yawancin ƙananan mojul ɗin nan a inji mai silinda huɗu suna son kwayil mai turjiya wajen om 3. A haɗa su da wanda bai kai haka ba, sai wuta ta yi musu yawa, su dahu. Mita ce ke faɗin wannan, ba ido ba. Ta uku tayimin. Dole a sake saita shi da fitilar tayimin inji na juyawa, ba da kunne ba, kome gwanintar oga. A tuna kuma Faransawa daga ɓangaren kuloci suke fara ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga gaba ba.

Mai saye ya sani cewa ciwo ɗaya tak mojul ke warkarwa. Ba zai ƙara wa inji dawakai ba, kome masu sayar da shi za su ce. Motar da aka saita wa sabon kwantak jiya da wadda aka sa wa mojul yau, gudu ɗaya za su yi. Ribar tana bayyana bayan wata shida, lokacin da ta farkon ta soma nishi, ta biyun tana nan yadda aka bar ta, tana tashi bugu ɗaya da asuba. Idan sandar distirbuta ta ci tana girgiza, ko ƙarafan ƙasa da ke gaggauta wuta sa'ad da inji ya ɗau gudu sun cije da tsatsa, ko kafireto na zubar da mai, to an yi wa kuturu zobe.

Sannan akwai ɗabi'unmu da kwantak ya daɗe yana yafe mana, taransisto kuwa ba ya yafiya. Direba ya murɗa makulli yana sauraron labaran rana a rediyo, inji a kashe, wuta na kwarara cikin kwayil na tsawon rabin awa. Bakanike ya zare kan batir mota na aiki wai yana gwada caji. Mai walda ya ɗana wutarsa a jikin mota batir na haɗe. A ba da wuta daga wata mota a juya kawunan waya cikin duhu. Ko wanne daga cikinsu yana iya kashe mojul nan take. Ga kuma zafin Maris da Afrilu, da ke sa ƙarƙashin bonet ya zama tanda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kowannensu ke mutuwa. Kwantak yana jinya, ya yi tari, ya ba ka kwanaki kana shiri, kuma ko a dajin da babu kowa kwalin ashana da sukuddireba za su kawo ka gida. Mojul lafiya ƙalau yake har daƙiƙar da zai faɗi, in ya faɗi kuwa babu abin gogewa, babu abin ɗaurewa. Yaran gareji na yanzu ma da yawansu sun taso ne a kan motocin tokumbo masu kwamfuta, ba su taɓa saita rata da hannunsu ba. Don haka duk wanda ya sauya, kada ya bar wa yaron gareji tsohon kwantak ɗin. Ya naɗe shi a tsumma tare da kwandansa da ƙusoshinsa biyu da guntuwar wayarsa, ya jefa a aljihun dashbod, ya kuma sa oga ya nuna masa yadda ake mayar da su tun motar tana gaban gareji.