Tsohuwar Golf: A Bar Mata Kafireto Ko A Komar Da Injekta?

Dukanmu mun san motar nan Golf mai jigilar mutane da buhunan shinkafa daga Haɗejiya zuwa Kano, Gumel da Nguru. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya soma ƙera Golf 3 a 1991, da injekta kuwa ta fito. Amma buɗe bonet ka duba. Sau da yawa kafireto za ka tarar, makanikai sun cire na asali.

Ba mu ga laifinsu sosai ba. Kafireto iska ce ke zuƙo masa mai, in ya toshe kuwa ana kwance shi a gindin bishiya, a wanke, a hura, a mayar. Injekta ba haka ba. Famfon lantarki ke tura mai da ƙarfi, wata 'yar kwamfuta kuma, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, ita ke auna abin da za a fesa. Burinta iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, bisa nauyi. Bakin feshin ƙanƙane ne ƙwarai, dattin man jarka kaɗan ya isa ya toshe shi.

Sa'ad da mai yake da araha, wa ya damu? To, ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Kafireton da aka ɗora wa injin da ba nasa ba yakan sha mai fiye da kima, kuɗin cefane da na makarantar yara ne kuwa ke fita ta salansa.

Saboda haka mu dai muna ganin komawa injekta ta fi, muddin an yi aikin duka. Sai an samo ƙwaƙwalwar da ta dace da injin, da wayoyinta, da famfo, da na'urar da ke shinshina hayaƙi a salansa. A sa sabuwar matatar mai. A canza robar mai ma, gama tsohuwa takan fashe, man da ya fesu kan inji mai zafi kuwa gobara ce.

Mu mutanen fadama muna da ƙarin aiki. Ba mu manta ambaliyar 2022 ba, lantarki kuma ba ya shiri da ruwa. Ƙwaƙwalwar Golf 3 tana ƙarƙashin gilashin gaba, inda ruwan sama ke kwanciya idan ganye ya toshe magudana. A share wurin tun kafin damina ta sauka.