Sabuwar sarƙa da tsofaffin haƙora

Keke mai lafiya ba shi da surutu. Shi ya sa mai keke yakan yi mamaki in ya kashe kuɗinsa ya sayi sabuwar sarƙa, aka ɗora ta, sa'an nan keken ya fara wani kuka da bai taɓa yi ba. Wani sai ya ce an sayar masa da jabu. Wani kuma ya koma wurin mai gyara da faɗa. Sau da yawa kuwa laifin ba na sarƙar ba ne, ba kuma na mai gyaran ba.

Sarƙa tana zagaya faifai biyu masu haƙora. Babban yana gaba, wurin feda. Ƙaramin yana tsakiyar ƙafar baya. Gaɓoɓin sarƙa an haɗa su da ƴan ƙusoshi, daga ƙusa zuwa ƙusa milimetir 12,7 ne. Haƙoran faifai ma da wannan awo aka yanka su.

A ƙasa mai rairayi kamar Maradi da Damagaram, rairayi yana manne wa man sarƙa, ya shige cikin gaɓoɓi, ya yi ta cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Sannu a hankali sarƙar ta ƙara tsawo. Mutane sukan ce ta miƙe. Ƙarfen bai miƙe ba, ƙusoshin ne suka cinye, gaɓoɓin suka yi sako-sako. Sarƙar da ta yi tsawo ita ma sai ta riƙa cin haƙoran faifai, har su lanƙwashe kamar ƙugiya. Da yake tare suka tsufa, sun saba da juna, suna tafiya haka nan. Ranar da aka kawo sabuwa mai cikakken awo, ba za ta zauna cikin tsofaffin haƙoran ba. In an taka da ƙarfi, wajen hawan tudu ko da buhun hatsi a baya, sai ta tsallake haƙori, a ji ƙas! ƙafar mahayi ta zurma. Wannan ba abin wasa ba ne, don yana iya kayar da mutum a tsakiyar hanya. Maganinsa a sake ƙaramin faifan. Shi ne ya fi saurin lalacewa: in yana da haƙori 18, babban kuwa 44, to, duk zagaye ɗaya na babban, ƙaramin ya yi fiye da biyu.

Ɗan makaranta yana iya gane haka tun ba a yar da tsohuwar sarƙa ba. Ma'aunin da ake ja layi da shi a aji ya isa. A ja sarƙar ta miƙe, a auna daga tsakiyar ƙusa ta 1 zuwa tsakiyar ta 21. Sabuwa santimetir 25,4 ce. In ta wuce 25,5 lokacin sake ta ya yi. In ta kai 25,7 an makara, da wuya faifan baya ya tsira.

Amma ba kowace ƙara ce ta haƙora ba. Gwanin gyara ba ya saurin ɗaukar sifana. Saurarawa yake fara yi, yana ƙirga.

Da farko yakan hau keken, ya yi ɗan gudu, ya daina juya feda. In ƙarar ba ta tsaya ba, to, babu ruwan sarƙa. Sai ya duba ƙafafun keke: ko birki ne ke gogawa, ko waya ce ta saki. In kuwa ƙarar ta tsaya tare da feda, sai ya koma ga ƙirga. Ƙarar da ke zuwa sau ɗaya a kowane zagayen feda, a wuri ɗaya, takan fito daga fedar kanta, ko hannun da ke riƙe da ita, ko ƴan dunƙulen ƙarfen da ke cikin gindinta. Galibi wani noti ne ba a ɗaure sosai ba lokacin gyara.

Akwai wata mai ruɗarwa. Ba ta bin zagayen feda, sai ta zo, ta ɓace, ta dawo. A ce sarƙar tana da ƙusa 110, babban faifai haƙori 44. In an raba 110 da 44 an sami biyu da rabi. Ke nan sai feda ta juya sau biyu da rabi kafin sarƙa ta gama zagaye ɗaya. Ƙarar da ke zuwa a wannan ƙirge, gaɓa ɗaya ce ta ƙage, yawanci wadda aka haɗa sarƙar da ita. Sai a kifar da keken bisa sirdi, a juya feda baya a hankali, a sa ido. Gaɓar za ta nuna kanta, don ba ta lanƙwasa kamar ƴan uwanta. A yi mata alama da alli, a ɗiga mai, a kama ta da hannu biyu a motsa ta dama da hagu har ta saki.

Gurnanin da ba ya yankewa kuwa, sau da yawa ɗauri ne ya yi yawa. Masu gyara da dama suna jan ƙafar baya har sarƙa ta zama kamar tsirkiyar baka, suna gani ƙwarewa ce. Ɓarna ce. A kekunan da ba su da giya, in an danna tsakiyar sarƙa da yatsa, ya kamata ta motsa sama da ƙasa wajen santimetir 1. A kuma duba ko ƙafar baya ta zauna daidai, don in ta karkace, sarƙa za ta riƙa gogar gefen haƙora.

Sai dai keken da aka kifar ba ya faɗin kome da kome. Tsallaken haƙori ba ya fitowa in da hannu ake juya feda, sai da nauyin mutum a kai. Saboda haka bayan kowane gyara a sake hawa, a nemi ɗan tudu a gwada. A riƙa kuma gyara abu ɗaya ɗaya. Wanda ya ɗaure noti biyar a tashi ɗaya, ko ƙarar ta tafi, bai san wanne ne ya jawo ta ba.