Sayen Kibod Mai Sifirin Da Kuɗi Kaɗan: Abin Da Mutumin Gombe Ya Kamata Ya Duba

Tun daga ran 1 ga watan Oktoba na 1996, sa'ad da aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, aikin takarda yake ta ƙaruwa a birnin Gombe. Ma'aikatun gwamnati sun yawaita, an buɗe Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada cikin 2004, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Kashere cikin 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha wadda ta riga su duka. Tafireta, wadda a da ƙararta ita ce shaidar cewa ana aiki a ofis, ta ja da baya, kwamfuta ta maye gurbinta. Amma fa har gobe yatsu goma ne suke yin aikin, kuma abin da suke bugawa shi ne allon madannai, wanda kowa ya fi sani da sunan kibod.

A 'yan shekarun nan samari masu buga takardu da ɗalibai da masu koyon rubuta manhaja sun fara sha'awar wani irin kibod ƙarami, mai nauyi a hannu, wanda ƙararsa takan tuna wa dattawa da tafireta. Sha'awar ba laifi ba ce. Matsalar ita ce kuɗi. Kayan nan duka daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake saye a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 cikin watannin farko na 2024. Saboda haka kibod ɗin da Bature yake ɗauka na wasan yara ne, na dala arba'in ko hamsin, a wurin ɗalibin Gombe tarin watanni ne. Wanda ya yi kuskuren zaɓe ba shi da halin sake saye.

Bambancin da ke tsakanin wannan kibod da wanda aka saba gani a ofisoshi yana ƙarƙashin madannai ne. Na ofis shimfiɗar roba guda ɗaya gare shi, mai ƙananan tuddai, kuma sai an danna har ƙasa kafin harafi ya fito. In robar ta gaji ko ta yage a wuri ɗaya, to, kibod ɗin duka ya zama na zubarwa. Shi kuwa mai sifirin, kowane madanni da nasa makunni, watau wani ɗan akwati mai sifirin da tagwayen ƙarafa a ciki. Sanannen samfurinsa shi ne Cherry MX, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a farkon shekarun 1980. Zurfin dannawarsa milimita 4 ne, amma harafi yakan fito tun a wajen milimita 2, watau ba sai mutum ya doka yatsa har ƙasa ba. Wanda yake buga shafi talatin ko arba'in a yini shi ya san amfanin wannan a wuyan hannunsa. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin, irin su Gateron da Kailh da Outemu, suka shiga ƙera makunnai bisa wannan fasali, daga wajen 2014 suka cika kasuwa, farashi ya faɗo. Wannan ne dalilin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake iya maganar sayensa a yau.

Abin da mai saye zai fara tsayarwa shi ne girma, kuma a nan ne aka fi yin nadama. Cikakken kibod madannai 104 gare shi. In aka yanke sashen lambobi na hannun dama, sai ya koma 87, kamar Redragon K552. In aka ƙara matse shi, ana samun wanda ake kira kashi 75, mai madannai wajen 82 zuwa 84, irin Keychron V1, sa'an nan kashi 65 mai wajen 68, sa'an nan ƙaraminsu, kashi 60, mai madannai 61, irin Royal Kludge RK61. Wannan na ƙarshe shi ya fi jan ido a hoto, yakan kuma fi araha, amma ba shi da jerin F1 zuwa F12, ba shi da Delete a fili, ba shi kuma da madannan kibiya guda huɗu na kansu. Duk waɗannan an ɓoye su ne, sai an riƙe wani madanni mai suna Fn tukuna. Mai wasan kwamfuta bai damu ba. Amma ɗalibin da yake gyaran kundin kammala karatu, wanda a kowane minti sai ya koma baya ya goge ya dawo, zai ga cewa aikin yatsa ɗaya ya zama na biyu. Ga irin wannan mutum kashi 65 shi ne iyakar ƙanƙanta, kashi 75 ko mai 87 kuwa sun fi kwanciyar hankali. Akawu da mai shigar da sakamakon jarrabawa da duk wanda yininsa yake ƙarewa a kan lambobi, gaskiyar magana ita ce ƙaramin kibod ba nasu ba ne, sai dai in za su ƙara kuɗi su sayi sashen lambobi dabam.

Akwai kuma wani al'amari da masu talla a ƙasashen waje ba su taɓa ambata, domin bai shafe su ba, shi ne rubutun Hausa. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a rubutun boko, kuma tun lokacin masu buga tafireta suke fama da su. Wasu su buga harafin haka nan sa'an nan su bi da alƙalami su ƙara lanƙwasar, wasu kuwa su bar mai karatu ya raba ƙasa da kasa, ko ƙafa da kafa, da hankalinsa. Ya kamata mai saye ya sani cewa kibod ba ya aika harafi zuwa kwamfuta. Abin da yake aikawa shi ne lambar madannin da aka taɓa, kwamfuta ce take fassara ta zuwa harafi bisa tsarin harshen da aka zaɓa mata. Saboda haka babu wani kibod da ya iya Hausa wanda za a biya kuɗi na musamman dominsa. Windows tana da tsarin Hausa a cikinta kyauta, inda ake riƙe madannin Alt na hannun dama a haɗa da b ko d ko k, harafi mai lanƙwasa ya fito. Akwai kuma manhajar Keyman, ita ma kyauta. To, a nan ƙanƙanta take iya cutarwa, domin jerin ƙasa na hannun dama shi ake fara matsewa, kuma akwai ƙananan kibod ɗin da Fn ya cinye gurbin Alt na dama ko ya ture shi gefe. Ana iya riƙe Ctrl da Alt na hagu a madadinsa, amma yatsu uku a kan kowane ƙ ba ƙaramin aiki ba ne a harshen da da ƙyar za a rubuta layi ɗaya ba tare da shi ba. Mai rubutun Hausa ya dubi hoton kibod da kyau ya ƙirga madannan da ke dama da doguwar sanda kafin ya biya. In kibod ɗin yana karɓar manhajar QMK ko VIA, kamar jerin V na Keychron, ana iya sauya aikin kowane madanni, matsalar ta kau.

Har ila yau a kula da kayan gwanjo. Wanda ya fito daga Jamus yakan zo da Z a gurbin Y, wanda ya fito daga Faransa ko ya biyo ta Nijar kuwa jerinsa na sama da A da Z yake farawa. Suna aiki lafiya, kwamfuta tana iya ɗaukarsu a tsarin da aka saba, amma rubutun da ke kan madannai zai riƙa saɓa wa abin da ke fitowa, mai koyo kuwa ruɗewa zai yi.

Sai kuma launin makunni, wanda ba ado ba ne, alama ce ta hali. Ja yana sauka sumul ba tare da tsayawa ba, nauyinsa wajen giram 45. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya wanda yatsa yake ji daidai lokacin da harafi ya fito. Shuɗi yana da tudun, yana kuma ƙara da sauti mai kaifi a kowane dannawa. Shuɗin shi ya fi burge sabon shiga, shi aka fi sa wa masu araha, shi ne kuma ya fi haddasa faɗa. Ɗalibin da yake kwana ɗaki ɗaya da mutum huɗu, ko magidancin da yake aikin dare a gidan haya a Pantami ko Jekadafari inda bango ɗaya ya raba shi da maƙwabci, zai ji magana kafin mako ya zagayo. Ruwan ƙasa shi ya fi dacewa da mai rubutu a karo na farko.

Duk da haka, abin da ya fi launi muhimmanci ga mutumin Gombe shi ne ko makunnin yana ciruwa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yakan lulluɓe garin da ƙura mai laushi kamar gari, wadda babu tagar da take hana ta shiga. Makunni kuwa a buɗe yake ta sama, ƙurar takan sauka a kan ƙarafansa, sai madanni ya fara ƙin fitar da harafi, ko ya riƙa fitar da shi sau biyu. A Hausa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin baba yana komawa babba ba tare da mai rubutu ya lura ba. A kibod mafi araha an liƙe ƙafafun makunnai da dalma a jikin faranti, in ɗaya ya mutu sai an kai wa mai gyaran waya ya warware kibod ɗin duka ya narkar da dalmar. A wani samfurin kuwa ƙafafun cusa su kawai aka yi cikin ramuka, ana cire makunni da ɗan ƙarfe mai kama da hantsaki a cusa sabo cikin minti ɗaya. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu ba shi da yawa, kuma a nan ne karin maganar nan ta sayen na gari mayar da kuɗi gida take da gaskiya. Ko babu makunnin ajiya, mutum yana iya ciro na wani madanni da ba ya amfani da shi ya mayar a gurbin wanda ya mutu, aiki ya ci gaba. Sai dai a tambaya da kyau, domin ramukan wasu masu araha matsattsu ne, makunnan Outemu masu siririyar ƙafa kaɗai suke shiga. Akwai kuma makunnai masu katanga kewaye da kansu domin tare ƙura, irin Kailh Box. In an samu a farashi ɗaya, sun fi dacewa da wannan yanki. Ƙyallen rufewa da ɗan buroshi mai laushi kuwa ba su kai kuɗin kati ba.

Batun waya gajere ne. Kibod mai waya daga jikin kwamfuta yake shan wutarsa, ba ruwansa da ko an kawo wuta ko an ɗauke. Marar waya batir gare shi, sai an yi caji, batirin kuwa ba ya ƙaunar zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Gombe yakan doshi 40. Gara mai waya, amma wadda take ciruwa, mai bakin USB-C irin na wayar hannu, domin in ta tsinke ana samun wata a Sabon Layi ko kowace kasuwa, muddin dai mai ɗaukar bayanai ce, ba ta caji kaɗai ba. Fitilu masu launi-launi da suke yawo a ƙarƙashin madannai ba su ƙara harafi ko ɗaya a minti, illa ma su zuƙe batirin kwamfutar cinya. Farar fitila guda tana da amfani ga mai aikin dare. Saura kwalliya ce. Hulunan madannai kuwa, na robar ABS sukan yi santsi da ƙyalli bayan an daɗe ana bugu, na PBT sun fi juriya, amma wannan abu ne da ake iya sauyawa daga baya in hali ya samu.

Iyaye ma suna da abin lura. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma ba a rasa yaron da zai kafa hujja da ita don a saya masa irin wannan kibod. Jarrabawar zaɓen amsa ce, A ko B ko C ko D, da 'yan madannai kaɗan ake yin ta, kuma da kibod ɗin cibiyar jarrabawa za a yi, ba na gida ba. Kibod na roba mafi araha ya wadatar da wannan buƙata.

Wurin saye shi ne mataki na ƙarshe, shi ne kuma mafi haɗari. Yawancin irin wannan kaya daga Computer Village ta Ikeja suke tasowa, ko Farm Centre ta Kano, ko a yi odarsu ta intanet daga Jumia ko AliExpress, kuma mayar da abin da ya zo da aibi daga Gombe zuwa Legas, balle ƙasar Sin, yakan ci kuɗin da ya kusa na kayan. Akwai kuma kibod na roba da ake yi wa dogayen madannai da fitilu, a rubuta a kwalinsa cewa yana da ɗanɗanon mai sifirin, a sayar da shi a matsayin na ainihi. Gane shi ba wuya: a cire hular madanni ɗaya. In na gaske ne za a ga ɗan akwati mai kai ja ko shuɗi ko ruwan ƙasa, da alama kamar ta tarawa a lissafi. In rami aka gani da roba a ƙasansa, to, ba shi ba ne. Mai saye daga nesa ya nemi a ɗauko masa hoton wannan, ya kuma nemi sharaɗin biya bayan kaya sun iso. Da zarar sun iso, kafin ɗan aike ya juya, a jona kibod ɗin a buɗe shafin rubutu, a danna madannai ɗaya bayan ɗaya, a gwada doguwar sanda daga gefenta na hagu da na dama a ji ko tana karkata ko tana kaɗawa, sa'an nan a sauya kwamfutar zuwa tsarin Hausa a rubuta ɓarawo da ɗaki da ƙofa.