Majo ma ya taɓa zama sabon hannu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogon Dutsi har Tibiri, daga Matankari har Gecheme. Idan aka turo sabon malamin jinya likitar gari, wato asibitin garin, kafin ya kwance kayansa an riga an yanke masa hukunci. Dattijo zai leƙa ɗakin duba marasa lafiya, ya ga matashi cikin farar riga, ya juyo ya tambaya: "Ina majo?" In aka ce majo, wato babban malamin da ke riƙe da likitar, ya tafi taro Doso, sai ya ce wa maiɗakinsa ta goya yaron su koma gida, sai gobe. A rumfunan kasuwa kuwa ba a ɓoye ta: "Ɗiyan yanzu takarda kawai gare su. Ba su da hannu, ba su da ladabi. Likitocin dauri su ne likitoci."

Masu faɗin haka ba maƙiyan kowa ba ne. Iyayenmu ne da yayyenmu, kuma ba da ka suka ɗauko maganar ba. Wata ta ga an soki jaririnta sau da yawa ana neman jijiyar ƙarin ruwa ba a samu ba. Wani ya ga yarinya sa'ar ɗiyarsa tana daka wa matarsa tsawa a ɗakin haihuwa. Gaskiya ne kuma cewa a da makarantun kiwon lafiya na ENSP na Yamai da Damagaram ne ke yaye yawancin ma'aikatan jinyar ƙasar nan, yanzu kuwa makarantu masu zaman kansu sun yawaita, kuma ba duka ne ke da malamai da kayan koyarwa yadda ya kamata ba. Ɗalibai kan yi cincirindo a kan gadon majinyaci ɗaya lokacin sitaj, wato koyon aiki a asibiti, har wani ya gama karatu bai karɓi haihuwa da hannunsa yadda za ta zauna masa ba. Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da iyayena, cikin girmamawa, shi ne wurin da suka ɗora laifin, da kuma maganin da suka zaɓa, wato a guji yaron a jira majo.

Majon da muke yabo, a ina ya samo hannunsa? Ba daga makaranta ya fito da shi ba. Ya yi shekaru yana tsaye bayan wani babba, yana riƙe fitila, yana wanke kayan aiki, yana kallon yadda ake taɓa cikin yaro a gane saifa ta kumbura, yadda ake ɗaga fatar ido a gane jini ya yi ƙasa. Ya yi kuskure a gaban wanda zai gyara masa tun kafin kuskuren ya yi ɓarna. Mun san wannan a sana'ar ƙira: ɗan maƙeri da zuga yake farawa, kuma ba wanda ke miƙa masa guduma ranar farko ya tafi kasuwa ya bar shi da garmar mutane. Wata malamar jinya ƴar Amurka, Patricia Benner, ta bi diddigin yadda ma'aikatan jinya ke gwanancewa, ta fitar da littafinta a 1984, inda ta nuna cewa sabon ma'aikaci kan ɗauki shekara biyu zuwa uku a wuri ɗaya kafin ya tsaya da ƙafafunsa sosai. A asibitocin da ke da likitoci da na'urori ke nan. Shi ya sa a Ingila ake haɗa wanda ya gama karatu da wani tsohon hannu na tsawon watanni kafin a sake shi.

A wurinmu wannan tsayuwa bayan babba ce ta yi ƙaranci, domin manyan ba su isa ba. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, wadda aka cire daga Dutsi a 2011, suna da mutum sama da dubu 600, kuma kowa ya san yadda jama'a ta ƙaru tun daga lokacin. An yi ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka tun zamanin shirin musamman na Shugaba Tanja Mamadu, wasu daga baya aka ɗaga su suka zama cibiyoyin lafiya da ake kira CSI. Gini ya yi gaba, ma'aikata suna baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da unguwarzoma 4.45 ga kowane mutum dubu. Nijar ba ta kai ko ɗaya ba, kuma waɗanda ake da su sun fi taruwa a Yamai da manyan birane. Saboda haka yaron da ya karɓi takardarsa bana, baɗi yana iya tsintar kansa shi kaɗai a wani CSI na wajen Dogon Kiriya ko Sukukutan. Shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai rigakafi, shi ne mai awon ciki, shi ne mai karɓar haihuwa da tsakar dare, shi ne mai lura da firjin allurai, shi ne kuma mai cika rajista da rahoton wata. Majon dauri bai fara aiki a haka ba.

Sai a ƙara da lokacin da aikin ke zuwa. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya kwanta a fadamun Dallol Mawuri, masassarar cizon sauro ba ta barin kowa ya numfasa. Lokacin ne kuma rumbuna suka yi ƙasa, tamowa ta kama yara. Mata sun yi layi tun asuba, kowace da yaro mai zafin jiki, wani yana jijjiga, wani idonsa fari fat. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta ne, kuma wannan alheri ne da ya ceci rayuka masu yawa. Amma an daɗe ana kuka da jinkirin da gwamnati ke yi kafin ta mayar wa cibiyoyi kuɗin da suka kashe, kuma idan kuɗi ba su dawo ba kantar magani sai ta bushe. Uwa ta ji a rediyo cewa kyauta ne, ta zo an rubuta mata takarda an ce ta je ta saya. Wa za ta zarga? Fuskar da ke gabanta. Sau da yawa kuma fuskar nan ta wanda ba shi da ko albashi ce: mai bautar ƙasa, ko ɗan kwantaragi da ke jiran kuɗinsa, ko mai aikin sa kai da ke zuwa kullum da fatan wata rana a ɗauke shi.

Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga abubuwan da ake kira rashin iyawa, su ne ainihin iyawar. An kawo yaro da zazzaɓi, sabon malami ya ce sai ya huda yatsa ya yi gwaji tukuna. Sai a ce: "Wanga bai san masassara da ido ba, sai ya auna." Alhali ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, kuma bai wa yaro maganin cutar da ba ta gare shi yana ɓata lokacin neman wadda ke cinsa. An zo ana son allura, ya ba da ƙwayoyi na kwana uku ya ce a shanye. Sai a ce ya yi rowa ko yana tsoron allura, a wuce kasuwa wurin mai tallan magani da zai soka wa kowa abin da ya biya. Mu da muka tashi a karkara mun san yaran da allurar ɗuwawu da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ta bar su da ɗingishi. Haka nan idan naƙuda ta yi tsawo ya duba takardar bin naƙuda ya ce a nemi mota a kai Dutsi ko babban asibitin Doso, sai a ce ya gaza, da majo ne da ya fid da ɗan. Sanin inda iyakarka take, da tura mace tun tana da ƙarfin jure tafiya, shi ne abin da ke raba ta da yoyon fitsari ko abin da ya fi shi muni. Yaron da ya yi haka ya cancanci godiya.

Ita ma takardar da ake yi masa gori da ita tana da ranarta. A 2015 sanƙarau ya afka wa Nijar, ya kama mutum sama da dubu 8, ya kashe sama da 500, kuma jihar Doso, har da yankin Dutsi, tana cikin wuraren da ya taɓa da wuri. Irin ƙwayar cutar da ta zo a shekarar, wadda ake kira C, ba ita ce rigakafin da aka yi wa jama'a a 2010 da 2011 ke karewa ba. Ta riga ta ɓulla a Sakkwato da Kabi kafin ta ƙetaro. Annoba irin wannan ba a gane ta da gwanintar hannu. Ana gane ta ne idan ma'aikacin ƙauye ya rubuta kowane mai sanƙarewar wuya, ya aika lissafin mako a kan lokaci, aka tara aka ga adadin ya haura. Mu da ke bakin iyaka, muna cin kasuwa ɗaya da mutanen Kangiwa, muna aurayya da su, ba mu da abin da ya fi mana wannan rubutu amfani.

Saura batun ladabi, wanda shi ne ya fi yi wa mutane ciwo, kuma ba zan wanke kowa a kansa ba. Tsawa ga mai naƙuda zalunci ne, ko daga bakin wa ta fito. Tambayata ita ce, a ina yaron ya koyo ta? Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ke cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, sun fitar da littafi a 2003 kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Abin da suka nuna shi ne wulaƙanta majinyacin da ba a sani ba, da fifita mai ɗan'uwa a ciki, da karɓar na goro, al'ada ce da ta zauna a wuraren aikin tun kafin a haifi yawancin yaran da muke zargi. Ɗalibi yakan shigo da abin da aka koya masa a aji, ya tarar da wata dokar da ba a rubuta ba, kuma idan ya ƙi bin ta abokan aiki su ce yana nuna ya fi kowa. Tun 1974 wata mai bincike, Marlene Kramer, ta rubuta kan wannan girgiza da ke samun sabon ma'aikacin jinya idan abin da ya koya ya yi karo da abin da ya tarar, har wasu su bar aikin. Ashe idan ɗabi'a ta lalace, manya ma suna da tambayar da za su amsa.

Wani abin kuma da muke ɗauka girman kai, tsoro ne. An koyar da yaro da Faransanci, aka kawo shi inda tsohuwa za ta ce masa zahi ne ke damunta, ko ta ce iska ce ta taɓa jikanta. Babu waɗannan a littafinsa. In Bazabarme ne ko ɗan gabas, ga Hausar Arewa da sai ya kasa kunne, ga Fulanin rugga da nasu harshen. Mai cikin fari ba za ta buɗe baki ta faɗi abin da ke damunta ba saboda kunya, balle a gaban namiji. Sau da yawa kuma sai an gama da na gida, an je wurin masu magani da ƴan bori, jiki ya yi nisa, kana a ɗoro majinyaci a amalanke. Yaro ɗan shekara ashirin da ƴan kai ya ga rai na fita a hannunsa, babu wanda zai juya ya tambaya, ga dangi sun zuba masa ido. Sai ya ɗaure fuska don kada a ga hannunsa na rawa. Majo ya san yadda zai tambayi tsohuwa har zahin nan ya fito da sunansa na asibiti, ya san wace gwaggo zai kira ta zauna kusa da mai cikin fari. Zaman gari ne ya koya masa.

Illar maganar nan tana komowa kanmu. Yaron da aka mayar gida don a jira majo, masassara mai tsanani ba ta jiran gobe; dare ɗaya ya isa jini ya ƙare ko jijjiga ta kama shi. Shi kuma malamin da aka yi wata shida ana nuna masa ba a yarda da shi ba, ba a gayyatarsa suna, ba a amsa sallamarsa da sakin fuska, da ya samu hanya zai nemi canji zuwa birni. Sai a turo wani sabo, a sake farawa daga tushe. Da haka gari ke hana kansa samun majon da yake kuka babu.

Ina roƙon shugabannin kiwon lafiya na Dutsi da Tibiri kada a tura wanda ya gama karatu ya riƙe CSI shi kaɗai sai ya yi watanni ƙarƙashin wani babba, kuma in dole ta sa, a ba shi lambar wanda zai kira ko da ƙarfe biyun dare ba tare da an yi masa faɗa ba. Ziyarar duba aiki ta zama ta koyarwa, a tsaya da shi kan majinyaci, kada ta ƙare a ƙirga rajista. Majo-majo da suka kusa ritaya su ɗauki koyar da na baya a matsayin aikin da ya rage musu. Mu kuma mutanen gari, hakimai da limamai da ƴan kwamitin kula da likita, akwai abin da ke hannunmu da ba ya bukatar izinin Yamai. In malami ya yi wa wata rashin kunya, a kai ƙara wurin kwamiti a kira shi a yi masa magana a gabanta. In ya zo sabo, mai gari ya gabatar da shi a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, a nema masa ɗaki kusa da likita wanda ba ya yoyo, a haɗa shi da unguwarzomar gari da ta san kowane gida. A yi wannan tun watan Yuni, kafin a fara rabon maganin rigakafin masassara na yara a Yuli, domin da zarar layin Agusta ya kafu ba wanda zai samu sukunin zama ya koya wa wani komai.